Golf 3 tana warin fetur: me zan saya a layin mai, a ina, kuma nawa zai ci?

Tambaya: Ina da Golf 3 wagon da nake jigilar fasinja da ita tsakanin Kano da Katsina. Ta daɗe tana warin fetur. Sau biyu bakanike yana canza tiyon da ke kusa da filta, bayan ɗan lokaci warin ya dawo. Yanzu ya ce sai an canza layin mai gaba ɗaya, daga tanki har inji, kuma wai ba a samun sabo. Nawa ya kamata in kashe, kuma ina zan samu mai kyau?

Amsa: Malam, da farko ka ajiye motar nan har a gano inda take yoyo. Motar da ke warin fetur kuma cike da mutane, ga salansa mai zafi a ƙarƙashinta, ba abin da za a ce "bari mu yi sawu ɗaya mu dawo" ba ne. Na biyu kuma, kada ka biya kuɗin layi gaba ɗaya tukuna, domin a wannan motar ba kasafai layin kansa ke mutuwa ba.

Dogon layin da ke bi ta ƙarƙashin Golf 3 ba ƙarfe ba ne. Fayif ne na nailan mai tauri, guda biyu: baƙi shi ke kai mai gaba, shuɗi kuma shi ke mayar da ragowar cikin tanki. Tankin ma na roba ne. Duka ba sa tsatsa. Abin da ke kashe fayif ɗin nailan abu uku ne: dutse ko tudun hanya ya murƙushe shi, ko maƙalan da ke riƙe shi sun zube ya riƙa gogar jikin mota har ya huje, ko ya kwanta kusa da salansa zafi ya busar da shi. Duk ukun ana ganinsu da ido idan an ɗaga motar. Ka ce bakaniken ya nuna maka wurin da yatsa. In ya nuna, to, maganarsa ta tabbata. In bai iya nunawa ba, matsalar tana wurin gajerun tiyon roba da ke haɗa layin da sauran kaya: a saman tanki, a gaba da bayan filta, da kuma cikin bonet.

Neman yoyon ba ya cin kuɗi, kuma ƙurar garinmu tana taimakawa. Duk inda fetur ke tsattsafowa ƙura tana manne masa, za ka ga wurin ya yi duhu ya yi dunƙule alhali gefensa a bushe yake. A tayar da injin a fili, a bi layin da ido daga baya zuwa gaba. Sannan ka lura da lokacin da warin ke zuwa. In sai ka cika tanki yake tashi, a duba robar da ke ƙarƙashin murfin famfo a saman tanki, da wuyan tanki da ƙananan tiyon da ke fitar da iska. A Golf 3 ana isa ga famfon ta cikin but, akwai ɗan murfi a ƙasa, ba sai an sauke tanki ba. In warin ya fi yawa a cikin mota wajen kujerar baya, can ɗin ne ma za a fara buɗewa. In kuma da zarar an kunna inji yake tashi, to layin da ke ɗauke da matsi ne.

Yanzu ga abin da nake zargi a motarka. Tiyon da aka canza sau biyu ya sake yoyo, kusan kullum ba tiyon fetur ba ne aka sa, ko kuma na fetur ne amma ba na wannan matsin ba. A nan kuɗin mutane ke tafiya, don haka bari in tsaya a kai.

A kasuwa duk baƙin tiyo kama ɗaya yake yi. Akwai na ruwan lagireto da hita, wanda fetur ke kumbura shi ya yi laushi. Akwai na tukunyar gas ta girki. Akwai farin nan mai nuna ciki da ake sa wa janareta da babur, wanda ke ƙandarewa ya tsage. Mai shago zai yanko maka kowanne in dai bakinsa ya shiga. Tiyon fetur na gaske yana da rubutu a jikinsa, kuma rubutun nan shi za ka saya, ba sunan mota ba. Wanda aka rubuta wa SAE J30 R6 ko R7 na ƙaramin matsi ne, iyakarsa wajen psi 50 (psi ma'aunin matsi ne), ya dace da mota mai kafireto da layin dawowa. Wanda aka rubuta wa R9 shi ne na injekta, yana ɗaukar psi 100 ko fiye, kuma an shimfiɗa masa wata roba ta daban a ciki wadda fetur ba ya ci, ba ya kuma barin wari ya ratsa. Akwai R10, shi kuma na cikin tanki ne, wanda ke zama tsundum a fetur. Kayan Turai sau da yawa DIN 73379 za ka gani a jikinsu, tare da adadin bar da suke ɗauka (bar ma ma'aunin matsi ne, bar 1 wajen psi 14 da rabi ke nan). Kamfanoni irin su Gates, Continental da Cohline suna yin irin waɗannan.

Wane ne naka? Ya danganta da injin. Mota mai kafireto, irin Peugeot 504, famfonta ba ya kai rabin bar. Golf 3 mai inji 1.8 da nozul ɗaya a saman inji, wadda lambar injinta AAM ko ABS ko ADZ, tana aiki da wajen bar 1. Mai nozul huɗu, kamar 2.0, tana aiki da wajen bar 3. Tsofaffin Marsandi 190E da 230E sun haura bar 5. Lambar injin tana kan takardar da ke manne a cikin but kusa da ramin safaya taya, in ba a ɓare ta ba, kuma an buga ta a jikin bulok. Amma ni shawarata a kowace mota mai famfon lantarki ita ce R9 kawai. Dalili kuwa, motocin nan sun wuce hannu da yawa. Da wuya ka samu Golf 3 ta haya da ke ɗauke da famfonta na asali. An sha cire na bar 1 a sa na bar 3 saboda shi aka samu a ranar. An sha mayar da mai injekta zuwa kafireto a bar famfon injekta a tanki, wani lokaci ma a toshe layin dawowa, sai matsin ya rasa hanyar fita ya riƙa neman wuri mafi rauni. In an yi wa taka wannan juyin, ka faɗa wa duk wanda zai yi aikin tun farko, domin ko tiyon zinare aka sa, sai an gyara maganar famfon da layin dawowa kafin yoyon ya tsaya.

R9 ya fi R7 tsada, yakan ninka shi. Sai dai da mita ake sayarwa, kuma abin da kake buƙata a filta da cikin bonet gaba ɗaya ba ya wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bambancin kuɗin bai kai abin da ka riga ka biya na aiki sau biyu ba. Araha ba ta ado.

Rubutu ma ana buga na jabu, don haka akwai gwajin da za ka yi da kanka. Ka duba bakin da aka yanka: ya kamata ka ga roba ta ciki, zare a tsakiya, da roba ta waje. Wanda ba shi da zare ka ajiye shi. Ka lanƙwasa shi, kada ya karye a tsakiya ya toshe, kada kuma ƙananan tsaga su bayyana a bayansa, domin wani tiyon sabo ne a suna amma ya shekara da shekaru a rataye a rana. In kana da lokaci, ka sayi ɗan guntu ka jefa a kwalba da fetur, ka rufe ya kwana. In da safe cikinsa ya kumbura ya yi taɓo, ko fetur ɗin ya yi baƙi ƙirin, ka san abin da zai yi a motarka. Sannan ka yi hattara da tiyon nan mai rigar zare a waje da ke zuwa a tsofaffin motocin Jamus da Faransa. Yana da kyan gani, amma rigar tana ɓoye tsagar da ke ƙasa, sai ka ga zaren ya jiƙe kafin ka san ya mutu.

Girma shi ma a kula. A Golf 3 bakin filta milimita 8 ne, wanda a kayan Amurka ake rubuta wa 5/16. Akwai 6 da 10 a wasu motocin. Tiyon da ya fi bakin girma, a ce kilif zai matse shi, shi ne yoyon gobe.

Kilif kuwa shi ne abin da aka fi rainawa. Wanda aka saba da shi, mai sukuru da ramuka a jikin bel ɗinsa, a ƙaramin tiyo ba ya matsewa daidai a zagaye, ramukan kuma suna yanka robar idan an ɗaure da ƙarfi. Volkswagen da kilif mai sifirin ta fito da motar, ko wanda ake matsewa da filaya sau ɗaya. Mai sifirin yana da wata fa'ida: idan roba ta saki saboda zafi, yana bin ta yana ƙara matsewa. In ba a samu ba, a nemi na injekta, mai santsin ciki da ɗan noti. Waya, igiyar kebul da robar tayub ba su da wuri a layin fetur. Ina ganin motoci da yawa da tiyonsu lafiya lau, kilif ne kawai ya yanka shi.

Akwai wani guntun da ba a gani, a cikin tanki, tsakanin famfo da murfinsa. In ya tsage ba za ka ji wari ba, ba za ka ga ɗigo ba, domin man cikin tankin yake komawa. Sai dai motar ta riƙa wuyar tashi da safe, ta rasa ƙarfi a hawa. An zubar da famfo masu rai da yawa saboda wannan guntun. In an buɗe, R10 za a sa ko fayif ɗin nailan mai lanƙwasa da ake yi don wurin. R9 duk kyansa cikinsa ne ke jure fetur, bayansa ba ya jurewa, zai narke ya toshe rariyar famfo.

To, mu ce an ɗaga motar an ga fayif ɗin nailan ya huje da gaske. Nan ma ba dole ne a canza duka ba. In wuri ɗaya ne, ana yanke ɓangaren da ya lalace a haɗa da mahaɗi mai haƙora na ƙarfe ko tagulla, a tsoma bakin fayif ɗin a tafasasshen ruwa ya yi laushi sannan a tura. Da ruwan zafi, ba da wuta ba. Abin da ba na so shi ne a zura tiyon roba a kan nailan mai santsi a ɗaure da kilif ba tare da an sa wani ƙarfe a cikin nailan ɗin ba. Kilif ɗin zai murƙushe shi, ko matsi ya zare tiyon wata rana a kan hanya. In kuwa fayif ɗin ya bushe yana karyewa a wuri fiye da ɗaya, sai a canza shi ɗungurungum, kuma a nan ne kayan Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, ke da amfani.

Ƙa'idar da nake bi a sayen kayan layin mai ita ce: duk abin da yake roba mai laushi a saya sabo, duk abin da yake ƙarfe ko nailan ana iya sayen na hannu. Tiyo, zoben roba na nozul, robar murfin famfo, filta, washa ta tagulla, waɗannan ba a sayen tsoho. An daina ƙera Golf 3 tun ƙarshen shekarun 1990, don haka tiyon da aka ciro daga wata Golf 3, ko daga ina ta zo, sa'an wanda ke motarka ne. Mai shago zai ce maka "orijina ne, daga jikin mota aka cire", kuma gaskiya ya faɗa, amma roba ba ta san orijina ba, shekaru ta sani. Dogon fayif, maƙalansa, murfin famfo, wuyan tanki, bututun da nozul ke zama a kai, waɗannan na hannu sun fi yawancin sababbin da ake kawowa yanzu inganci, kuma sun fi dacewa da mazauninsu.

Maganar bakanikenka cewa ba a samun sabo, in dogon layin yake nufi a siffarsa ta kamfani, kusan haka ne. Amma shi fayif ɗin nailan na milimita 8 ana sayar da shi da mita, mahaɗansa ma haka.

Wurin saye: tunda Kano kake, Ƙofar Ruwa ce farkon zuwa, can ake farke motoci kuma can kayan Beljiyam suke. A Kaduna akwai Panteka, a Abuja akwai Apo. Abin da ya gagara a nan, 'yan kasuwar kansu daga Ladipo ta Legas suke ɗaukowa, ko Mgbuka Obosi kusa da Onitsha, sababbin kaya kuma daga Nkwo Nnewi ko kasuwar ASPAMDA da ke filin baje koli na Legas. Ba sai ka je ba. Mai shagon da kuka saba zai yi waya a sako maka a motar dare, ka biya kuɗin kaya da na mota. Dogon layi dai a ja kunnen mai aikowa kada a naɗe shi da ƙarfi, domin nailan in ya karye a lanƙwasa ya gama aiki. Layin Vento yakan yi daidai da na Golf 3 tunda gida ɗaya suka fito, kuma lambobin kayansu da 1H suke farawa, na Golf 2 kuma da 191. Duk da haka taka wagon ce, a gwada tsawo da bakin kafin a biya.

Tiyon R9 kuwa sau da yawa ba a rumfar masu farke mota ake samunsa ba. Ka nemi masu sayar da sababbin kaya, ko masu haɗa tiyon haidurolik na tifa da katafila. Waɗannan na biyun suna da injin matse baki, kuma suna iya cire tsohon tiyo daga kan bakin ƙarfensa na asali su matse maka sabo a kai, abin da ke ceton masu Marsandi da Honda da Toyota waɗanda tiyonsu da bakin ƙarfe yake zuwa. Sai dai ka faɗa musu na fetur kake so ka kuma karanta rubutun da kanka, domin tiyon da ke ɗaukar man haidurolik da man gas (dizal) ba lallai ne ya jure fetur ba.

Ka tafi kasuwa da tsohon kayan a hannu, da lambar inji, da hoton wurin a wayarka. Kafin ka biya na hannu ku yi magana a kan mayarwa in bai yi ba, a sa masa alama da fenti ko alƙalamin maka. Ka hura fayif ɗin ka ji iska na wucewa, ka toshe ɗaya bakin ka sake hurawa, ka bi jikinsa da yatsa kana neman wurin da ya goge. Ka ce a haɗa maka da maƙalansa, domin rashinsu ne ya kashe na farko. Saye ta intanet, ko a Jiji ko Facebook ko daga waje, ba ya biyan kansa a kan tiyo da kilif, kuɗin aikowa zai fi kuɗin kaya. Yana da amfani ne kawai a kan abin da ya ɓace a kasuwa kuma kana da lambarsa daidai.

Sai maganar nawa. Duk farashin da wani ya faɗa maka daga abin da ya saya shekara biyu ko uku baya, ka ajiye shi gefe. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Kusan komai na layin mai daga waje yake zuwa, sabo daga Sin ko Turai, na hannu daga Turai ko Dubai, wanda ya biyo ta Kwatano kuma da sefa aka saye shi, ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro. Saboda haka farashin yana motsi da canji, kuma shago biyu a layi ɗaya suna iya bambanta sosai gwargwadon lokacin da kowa ya sari kayansa. Abin da ke aiki shi ne ka tambayi shago uku a rana ɗaya, a kan abu ɗaya mai rubutu ɗaya.

Abin da ba ya canzawa shi ne yadda kuɗin ke rabuwa. Aikin yana hawa uku. Na ƙasa: tiyo mita ɗaya da wani abu, kilif shida zuwa takwas, da sabuwar filta tunda an riga an buɗe wurin. Wannan aikin awa ɗaya ne ko biyu, kuma a ciki filta mai kyau ta Bosch ko Mann ko Mahle tana iya zama abu mafi tsada. Na tsakiya: an ƙara da ɗinke nailan ko canza robar murfin famfo, kayan ba su da yawa, kuɗin aiki ne ke ɗan ƙaruwa. Na sama: dogon layi na hannu, inda kuɗin aiki kan kai kuɗin kayan ko ya wuce, musamman a motar da sai an sassauta tanki. In an ba ka kuɗi dunƙule, ka ce a raba maka, kaya nawa, aiki nawa. Ba rashin yarda ba ne. Sananne ne cewa bakanike yana da ɗan kamashonsa a wurin mai shago, ni ban ɗauke shi laifi ba in kayan na kirki ne, amma idan kuɗin a dunƙule yake, duk abin da aka rage a tiyo riba ce ga mai aiki, kuma ta nan tiyon ruwa ke shiga layin fetur. Ka sayo kayan da kanka ko ku je tare, sannan ka biya shi aikinsa da kyau ba tare da ƙwauro ba.

Ka kuma yi wannan lissafin. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi tashin da har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Mu ƙaddara motarka tana zubar da rabin lita a rana, wanda a motar haya mai yini a hanya ba wani babban yoyo ba ne. A wata lita 15 ke nan. Ka buga da farashin gidan man da kake sha, ka kwatanta da kuɗin gyaran nan na ƙasa, wato tiyo da kilif da filta.

Akwai gyaran da za a kawo maka da sunan sauƙi, ga ra'ayina a kansu. Jan tiyon roba tun daga tanki har inji: ana yi, amma roba a ƙarƙashin mota tana shan dutse da zafi, kuma in R9 na gaske za a ja mita huɗu sau biyu, kuɗinsa yakan wuce na layin nailan na hannu. In an ce maka ya fi araha, to ba R9 ba ne. Fayif ɗin tagulla na masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki: yana lanƙwasuwa da daɗi, amma girgiza tana ƙandarar da tagulla har ta tsage, galibi a bakin mahaɗi. Akwai wanda aka gauraya tagulla da nikel, shi yana da kyau, in ka same shi. Sabulu da gam da ake shafawa a yoyo, iyakarsu su kai ka gareji mafi kusa. Walda ko dalma a kan layin da ke jikin mota kuwa, ko an ce an tsiyaye man, kada ka tsaya a wurin ma, tururin da ya rage shi ke kamawa.

Ga masu wasu motocin da za su karanta wannan. Carina E, Corolla, Camry da Accord na shekarun 1990 layinsu ƙarfe ne, kuma tsatsarsu ba a nan suka same ta ba, da ita suka zo daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Tana ɓuya ne a ƙarƙashin maƙalai da saman tanki. A yanke da abin yankan fayif, ba da giranda ba, har sai an kai ƙarfe mai lafiya, a yi wa bakin ɗan kumburi don kada tiyo ya zame, a sa guntun R9 gajere da kilif biyu kowane gefe. Filtarsu da yawa da noti mai rami take ɗaure, da washa biyu, kuma washar nan sau ɗaya ake matse ta. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma ita ce ke sa a ga filta sabuwa tana gumi. Peugeot 504, wadda aka haɗa a Kaduna shekaru masu yawa, kayanta ba su yi wuya ba kuma R7 ya ishe ta. Sai dai famfonta a jikin inji yake yana zuƙo mai, don haka tsagar da ke tsakanin tanki da famfo ba ta cika ɗiga ba, iska take sha, motar ta riƙa mutuwa a zafi ana zagin kafireto. Motocin gas irin su tsohuwar Hiace da Hilux su ma haka, iska ce alamar, sai an yi ta famfo da hannu da safe. Fayif ɗin ƙarfen da ke tsakanin famfon gas da nozul kuwa ba a ɗinke shi, ba a yi masa walda, canzawa ake yi da irinsa daidai tsawo, kuma ba a taɓa neman yoyonsa da yatsa inji na aiki.

Irin man da ake sha shi ma yana da hannu. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan methanol ƙasar nan har hukuma ta janye shi daga kasuwa, kuma irin wannan sinadari yana cin tsohuwar roba. Man galan na gefen hanya ba ka san me aka gauraya masa ba. Wannan wani dalili ne na zaɓar R9, domin shimfiɗar cikinsa ta fi jure gauraye.

Ranar aikin, a yi shi a fili, nesa da mai walda da mai shayi. A cire fis ɗin famfo a bar injin ya mutu da kansa don matsin ya sauka, a cire kan batir na nagetif, a naɗe mahaɗin da tsumma kafin a zare, a ajiye abin kashe gobara a kusa, wanda dama 'yan kiyaye haɗurra suna tambayarsa. A lura da kibiyar da ke jikin filta, inji take nunawa. Kada a musanya baƙin layi da shuɗi. Bayan an haɗa, a tayar da motar a bar ta tana aiki ana duba kowane mahaɗi da busasshiyar takarda, a zagaya da ita, a sake dubawa da zafinta, sannan a cika tanki a duba samansa ta cikin but. In kilif mai noti aka sa, ka koma bayan kwana biyu ko uku a ƙara masa ɗauri kaɗan, domin sabuwar roba tana kwantawa.